Kaskon Jin Ɗumi Mai Bango Biyu: Ya Rage Hayaƙi, Bai Rage Doka Ba

Na yi riga malam masallaci a sayen wannan kasko, domin sai da aka kawo shi, na hura shi dare uku a jere a tsakar gida ina jin daɗin kallonsa, sannan na nemi takardar da hukumar kashe gobara ta fitar a kan wutar jin ɗumi da ake hurawa a waje. Da na karanta ta, sai na gane cewa a dukan dararen nan uku kaskon yana zaune ne a wurin da doka ba ta yarda da shi ba. Yanzu ya yi sanyi biyu a hannuna, na san halinsa a daren da iska ta kwanta da daren da take kaɗawa, na kuma san abin da yake yi da busasshen itace da abin da yake yi da ɗanye, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa.

Kaskon yana cikin nau'in da ake tallatawa da cewa ba ya hayaƙi. Kamfanoni da yawa suna ƙera irinsa, fitattu a ciki su ne Solo Stove na jihar Texas da Breeo na jihar Pennsylvania a Amurka, amma nawa ba na ɗayansu ba ne, ko da yake dabarar ƙirar duk ɗaya ce. Kamar guntuwar ganga yake, an yi shi da ƙarfe mara tsatsa, faɗin bakinsa kusan rabin mita, tsayinsa bai kai gwiwar babban mutum ba, nauyinsa kuma wajen kilo 10, wanda ke nufin mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa idan ya huce. Babu abin haɗawa a cikinsa sai zoben da ake kifawa a baki da farantin toka da ake zarewa daga ƙasa. Walda ɗin da ke jikinsa a tsaftace take, ban ga kaifin da zai yanki hannu ba, kuma ya zauna daram bisa daɓe ba tare da girgiɗi ba.

Sirrinsa yana cikin bangon. Bango biyu ne, na waje da na ciki, da ɗan sarari a tsakaninsu. Akwai jerin huji a gindin bangon waje inda iska ke shiga, sai ta rabu gida biyu: wata ta bi ta ƙarƙashin itacen ta ciyar da wutar kamar yadda aka saba, wata kuma ta hau ta cikin sararin nan tana ɗaukar zafi, har ta fito ta wani jerin huji da ke zagaye da bakin bangon ciki. Hayaƙi kuwa ba wani abu ba ne illa makamashin da bai gama ƙonewa ba, wato iskar gas da ƙananan ɓurɓushi da ke fita daga itace idan zafi ko iska ba su wadata ba. To idan hayaƙin ya taso ya haɗu da wannan iska mai zafi a bakin kaskon, sai ya sake kamawa da wuta. Da dare ana ganin abin ƙiri-ƙiri, ƙananan harsunan wuta suna fitowa daga hujojin sama suna karkata zuwa tsakiya, kuma ina shaida cewa a duk abin da na taɓa hura wuta a cikinsa ban ga mai kyan kallo kamarsa ba.

Shin da gaske ba ya hayaƙi? Amsar ita ce yana yi, amma na ɗan lokaci. A mintoci goma zuwa goma sha biyar na farko, kafin bangon ya ɗauki zafi, hayaƙinsa bai bambanta da na kowane murhu ba, haka kuma a ƙarshen dare idan wutar ta fara lafawa, zafin bai isa ya ƙone hayaƙin karo na biyu ba. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ne yake cika alkawari, kuma yana cika shi sosai. Mutum zai zauna sa'o'i biyu a gefensa ba tare da ya yi ta ja da kujera yana gudun hayaƙi ba, idanu ba sa yaji, tufafi kuma ba sa ɗaukar ƙaurin da ke bin mutum har ɗaki. Sai dai akwai sharaɗi biyu da masu talla ba su cika ɗaga murya a kansu ba. Na farko, kada itacen ya wuce layin hujojin sama, domin duk abin da ya ƙone a saman layin ya tsere wa dabarar, wannan kuwa yana nufin dole a yanke itacen gajeru, kamar santimita 35 zuwa 40, a kuma faskara shi. Na biyu, dole itacen ya bushe da gaske.

Maganar bushewa tana da ma'auni. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada danshin itacen da za a ƙona ya wuce kashi 20 cikin ɗari, a Ingila kuma tun watan Mayu na 2021 aka hana sayar da itacen wuta a ƙananan ɗauri idan danshinsa ya haura wannan adadi. Itacen da aka sare ɗanye yana iya zama rabin nauyinsa ruwa ne, kuma yana buƙatar aƙalla wata shida a jere, a faskare, a inda iska ke ratsa shi, mai tauri kuma shekara guda ko fiye. Na sayi ƙaramar na'urar auna danshi mai ƙusoshi biyu, ita ce ta nuna mini cewa itacen da aka sayar mini a matsayin busasshe bushewarsa ta baya ce kawai, cikinsa jiƙe yake. Da na zuba irinsa a kaskon, sai ya yi ta tsuwa yana fitar da kumfa ta bakin gungumen, hayaƙi fari ya turnuƙe tsakar gidan, bangon biyu kuma bai tsinana komai ba.

Aibinsa na farko da kowa zai ji a jikinsa shi ne inda yake kai zafin. Tunda an ƙera shi ne don ya ja iska ya tura ta sama, zafin ma sama yake bi, saboda haka fuska da hannuwan da aka miƙa za su ji ɗumi, amma ƙafafu suna nan cikin sanyi. A murhu mai buɗaɗɗen gefe, garwashin yana watsa ɗumi ta kowane ɓangare, a nan kuwa bangon biyu ya tare shi. Ana sayar da wani faifan ƙarfe daban da ake ɗorawa a sama don ya maido da zafin gefe, na gwada shi, ya taimaka, sai dai yana hana ganin wutar da kyau, yana kuma wahalar da ƙara itace. Aibi na biyu shi ne ci. Wutar da ke samun iska haka ba ta jinkiri, ta kan lashe itace kamar an aiko ta, kuma a ƙiyasina itacen da zai kai ni dare biyu a tsohon murhuna dare ɗaya yake yi a wannan. Wanda ke son wutar da za ta yi ta ci a hankali yana hira ba tare da ya tashi ba, ba zai ji daɗin wannan kasko ba, domin kusan kowane kwata na awa sai an ƙara masa.

Akwai kuma haɗarin da ƙyallinsa ke ɓoyewa. Bangon waje yana yin zafin da zai sale fata nan take, amma ba ya canja kama yadda ido zai gargaɗi mutum, yana nan fes kamar tukunyar da aka wanke. Babba ya san ya kiyaye, ƙaramin yaro kuwa yana tsoron harshen wuta ne, ba ya tsoron ƙarfe mai sheƙi. Gindinsa ma yana zafi, ya taɓa bar mini zoben ƙonanniyar ciyawa da ya ɗauki makonni bai farfaɗo ba, shi ya sa yanzu ba na ajiye shi sai bisa siminti ko tsakuwa.

Duk wannan maganar ƙarfe ce. Abin da ya fi muhimmanci ga mai niyyar saye shi ne cewa kalmar "mara hayaƙi" kalmar 'yan kasuwa ce, ban kuma ci karo da ita a cikin dokar gobarar da na karanta ba. A idon doka, abin da ke ƙona itace a waje wuta ce a waje, ko bangonsa ɗaya ne ko biyu. Garuruwa da jihohi da yawa a Amurka sun gina ƙa'idojinsu a kan kundin da ake kira International Fire Code, wanda aka fara bugawa a shekarar 2000, ake kuma sabunta shi duk bayan shekara uku. Sashe na 307 na kundin ya kasa wutar waje gida-gida. Wutar nishaɗi ita ce wadda tarin itacenta bai wuce ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 2 a tsayi ba, kuma ba a yarda a hura ta ba sai da tazarar ƙafa 25, wato kusan mita 7.6, daga gini ko wani abu mai kamawa da wuta. Babbar wutar taro tana buƙatar ƙafa 50. Murhun waje da ake iya ɗauka, wanda nan ne kaskon nan ya fi dacewa ya faɗa, an ba shi ƙafa 15, kusan mita 4.6, tare da umarnin a bi ƙa'idar wanda ya ƙera shi, har ma kundin ya sassauta wannan tazara ga gidajen da iyali ɗaya ko biyu ke zaune a ciki.

Amma kundin samfuri ne kawai, kowane gari yana ɗauka ya yi masa kwaskwarima, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami, domin sukan karanta ƙa'idar wani wuri a intanet su ɗauka tasu ce. Birnin Minneapolis na Amurka ya tsaya a kan ƙafa 25, ya ƙayyade lokaci daga ƙarfe 9 na safe zuwa 10 na dare, ya kuma ce a dakata idan gudun iska ya wuce mil 10 a awa, kimanin kilomita 16. A Kanada, birnin Edmonton yana neman tazarar mita 3 daga gini da iyakar fili, faɗin murhun kada ya wuce mita 1, tsayinsa kada ya wuce santimita 60, sannan dole a rufe shi da raga wadda idonta bai fi santimita 1.25 ba. Birnin Toronto kuwa, a ƙasa ɗaya da Edmonton, bai yarda da murhun itace na jin ɗumi a tsakar gida ba sai da izini na musamman, wato wanda ya sayi kaskon nan a can ya sayi kayan ado ne. Ingila ta bi wata hanya daban: babu dokar da ta hana hura wuta a lambun gida kai tsaye, amma a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990 ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar hayaƙin da ke yawan damun maƙwabta a matsayin cutarwa, ta aiko da takardar umarnin dainawa, wanda ya ƙi bi kuma a ci shi tara, haka nan ana hukunta wanda ya bar hayaƙinsa ya ratsa titi har ya jefa masu mota cikin haɗari.

Inda nake, ƙafa 25 ake nema ko da murhun na ɗauka ne. Na ɗauki igiyar awo da tunanin cewa filina yana da yalwa, sai na tarar abin da nake kira yalwa ya ƙanƙance. Ba bangon gida kaɗai ake aunawa daga gare shi ba, shingen katako ma yana cikin lissafi, haka rumfar ajiye kaya, haka tarin itacen da ni kaina na jera don kaskon, wanda na ajiye kusa da shi saboda sauƙin ɗauka. Sannan akwai sama, domin rassan bishiya da wayoyin lantarki da bakin rufin da ya zarto duk ana dubawa, kasko mai tura zafinsa sama kuma ya fi kowane murhu buƙatar sararin sama. Da na gama awo, wuri ɗaya tak ya rage a duk tsakar gidan, wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, can nesa da inda na shirya kujeru. A hotunan talla ana nuna kaskon bisa dandamalin katako, taku uku daga ƙofar gilashi, mutane sun kewaye shi da barguna. Ana sayar da wani zobe da ake ɗora shi a kai don kada ya ƙone katakon, kuma zoben yana aikinsa, amma kare katako daga zafi daban, cika tazarar da doka ta nema daban.

Tartsatsi shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Na ɗauka wutar da ke ƙone hayaƙinta za ta ƙone tartsatsinta ma, ashe ƙarfin iskar da ke hawa yana ɗaga ƙananan garwashi ya yi sama da su fiye da yadda murhun gargajiya ke yi, musamman lokacin da aka jefa sabon gungume ko aka tona wutar, ko kuma idan itacen mai ƙaro ne da ke fashewa. A daren da iska ta ɗan motsa na bi wani da ido har ya sauka a kan busassun ganyen da ke gindin shinge, ya mutu kafin in isa, amma tun daga ranar ban ƙara hura wuta ba sai da raga a kai da kuma share ganyen. Ragar ba ta zo tare da kaskon ba, daban na neme ta, kuma wannan shi ne babban ƙorafina ga masu ƙera irin waɗannan kasake: abin da garuruwa da dama suka wajabta bai kamata ya zama ƙari da ake saye daga baya ba, alhali jakar ɗaukar kaskon, wadda ba ta kare kowa daga komai, tana cikin kwali.

Inda ƙirar kaskon da doka suka fi yin karo shi ne wajen kashe wuta. Kundin da na ambata ya ce dole a kasance a kan wutar ba tare da yankewa ba har sai ta mutu, a kuma ajiye abin kashe ta a kusa, ko tukunyar kashe gobara mai daraja 4-A (lambar da ke nuna ƙarfinta wajen kashe wutar itace da makamantansa), ko yashi, ko ƙasa, ko gangar ruwa, ko tiyon ruwa da ke haɗe da famfo. Takardar da ta zo da kaskon kuwa ta ce kada a zuba masa ruwa, kuma tana da hujja, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi haka yana iya lanƙwasa shi, tururin da zai taso yana iya ƙona fuska, tokar kuma za ta zama taɓo ta toshe hujojin da dukan dabarar ta dogara a kansu. To ga mutum ƙarfe goma na dare ta gabato, barci yana fizgarsa, garwashi jajir a cikin kasko mai bango biyu da ke riƙe zafi kamar an yi shi don hakan, doka ta ce kada ya tafi, takarda ta ce kada ya zuba ruwa. Mafitar da na samu ba ta da wata dabara: na daina ƙara itace awa ɗaya da rabi kafin lokacin da nake son tashi, in bar shi ya cinye abin da ke ciki, in baza garwashin da sandar ƙarfe don ya yi saurin mutuwa, sai ya zama toka sannan in kifa murfin ƙarfe. Wannan yana nufin a garin da aka ce wuta ta mutu ƙarfe 10, gungumen ƙarshe yana shiga ne ƙarfe takwas da rabi, kuma rabin awa na ƙarshe shi ne lokacin da hayaƙin ke dawowa. Duk da haka tiyon ruwa yana kwance a gefena kullum, domin idan wuta ta fita daga kaskon, lanƙwasar ƙarfe ita ce ƙaramar asara.

Tokar da yake bari kaɗan ce ƙwarai, fara, mai laushi kamar hoda, wannan kuma abin yabo ne, alama ce ta cewa itacen ya ƙone sarai. Farantin da ake zarewa ya sauƙaƙa kwashe ta. Sai dai garwashi yana iya kwana biyu ko uku da ransa a cikin toka, saboda haka bokitin ƙarfe mai murfi nake zuba ta, in ajiye shi bisa siminti nesa da bango, ba a kwali ko bokitin roba ba.

Akwai ranakun da kaskon ba shi da amfani ko kaɗan, ko da tazara ta cika, raga tana kai, itace ya bushe. Idan fari ya yi tsanani ko iska mai bushewa ta taso, hukumomi sukan hana hura wuta a waje baki ɗaya. A jihohin New South Wales da Victoria na Ostiraliya, ranar da aka ayyana cikakken hani ba a yarda a kunna wutar itace ko ta gawayi a fili ba. A yankin San Francisco na Kalifoniya dalilin daban ne: ranar da aka yi shelar gurɓacewar iska, ƙona itace haramun ne a cikin ɗaki da waje, har da murhun tsakar gida, saboda ƙananan ɓurɓushin da ake kira PM2.5, waɗanda kaurin gashin mutum ya ninka su kusan sau talatin, suke kuma shiga can cikin huhu. Kaskon yana rage irin wannan ɓurɓushi, amma rashin ganin hayaƙi da ido ba ya nufin babu abin da ke fita, kuma jami'in da ya zo ba zai tsaya jin bayanin bango biyu ba. A irin wannan hali murhun gas ya fi shi, domin a wurare da yawa ana barin abin da ake iya kashewa da murɗa makunni a matakin farko na hani, ba ya tartsatsi, ba ya barin garwashi. Ni dai ban ga wutar gas ta kai ta itace armashi ba, harshenta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma wanda yake zaune a yankin da ake yawan sa hani zai fi morar ta.

Haka kuma kada ƙarfin cin kaskon ya ruɗi mutum ya mai da shi wurin ƙona shara. Dokoki sun bambanta wutar nishaɗi da ƙone-ƙonen tarkace, har jihar New York tana hana ƙona rassa da tarkacen lambu daga 16 ga Maris zuwa 14 ga Mayu kowace shekara, alhali ta bar ƙaramar wutar jin ɗumi. Abin da aka yarda da shi kusan ko'ina shi ne tsaftataccen itace busasshe. Leda da roba da katako mai fenti suna fitar da guba, ganye da ciyawa suna tashi sama da wutarsu. Mafi muni shi ne katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa mai ɗauke da sinadarin arsenik, wanda aka daina amfani da shi a gine-ginen gidaje a Amurka a ƙarshen 2003 amma har yanzu yana cikin tsofaffin shingaye da dandamali, domin gubar tana fita a hayaƙi ta kuma taru a toka. Fetur ko kananzir don tayar da wuta kuwa babu ma buƙatarsu, domin kasko mai jan iska haka ƙirare kaɗan da ashana ɗaya sun ishe shi.

A kan maƙwabta ne na ga ainihin ribarsa. A yawancin ƙa'idojin, ko an cika kowane sharaɗi, jami'i yana da ikon ya sa a kashe wutar idan ta zama haɗari, garuruwa da yawa kuma sun ƙara da cewa ko da hayaƙin ne kawai ya dami wani, kuma galibi ƙorafin maƙwabci ne ke kawo jami'in. Lokacin da nake amfani da tsohon murhuna, maƙwabcina ya taɓa same ni cikin ladabi ya ce ɗiyarsa tana fama da asma, hayaƙin kuma yana shiga ta tagar ɗakinta. Ban da wata hujja da zan kare kaina da ita, sai na ba shi haƙuri. Da wannan kasko, na tambaye shi bayan wasu makonni, ya ce yana jin ƙamshin itace a farkon dare, daga nan kuma sai ya manta ana wuta. Duk da haka mun yi yarjejeniya cewa zan sanar da shi kafin in hura, idan kuma iska ta juya ta fuskanci gidansa in haƙura da daren, na kuwa haƙura da darare da dama.

Bayan sanyi biyu, ƙarfen ya sauya launi daga fari zuwa ruwan zuma da shuɗi-shuɗi a baki, abin da zafi ke yi wa irin wannan ƙarfe ke nan, bai kuma rage masa komai ba. Farantin tokar ya ɗan lanƙwashe amma yana shiga gurbinsa. Tsatsa kaɗan ta fito a ciki bayan da na manta shi a ruwan sama da toka a ciki, laifina ne, tun daga nan nake kwashe tokar in shigar da shi rumfa. Zan ba da shawarar sayensa ga wanda ya riga ya karanta ƙa'idar garinsa, ko ya kira ofishin 'yan kwana-kwana a layinsu na tambaya, ya auna filinsa ya samu wurin da ya cika tazara a ƙasa da sama, yana da inda zai samu busasshen itace da inda zai adana shi, kuma zai sayi raga da murfi a rana ɗaya da kaskon. Mai haya ya duba yarjejeniyarsa tukuna, domin mai gida ko ƙungiyar masu gidaje suna iya hana abin da gari ya halatta. Wanda tsakar gidansa ƙarama ce, ko yake zaune a bene yana tunanin baranda, ko kuma ɗumin ƙafa yake nema a daren sanyi, ya nemi wani abu daban. Nawa yana nan a ɗan filin da igiyar awo ta bar mini, na kwashe kujerun na kai su can, tarin itacen kuma na mai da shi ɗaya gefen gidan, inda sai na yi tafiyar taku talatin kafin in ɗauko kowane gungume.